Tambaya da Amsa: Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne daga Damagaram, kuma ta Kano nake tashi idan zan je Saudiyya. Dattawa kan ce wannan filin jirgi ya girme wa na Legas, kuma a da jiragen Turai ba sa rabuwa da shi. Shin gaskiya ne, kuma me ya sa ya ja baya?

Amsa: Malam, abin da dattawan suka faɗa maka yana da tushe. A shekarar 1925 wasu jiragen sojan saman Birtaniya guda 3 suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a shekarar 1936 kuma aka fara jigilar fasinjoji da wasiƙu a hukumance, abin da ya sa ake ɗaukarsa a matsayin filin jirgi mafi daɗewa a Najeriya. Daga baya ne aka raɗa masa sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983.

Darajarsa a wancan zamani daga mazaunin Kano ta samo asali. Jiragen lokacin ba sa iya dogon zango ba tare da sun sha mai ba, don haka da yawa daga cikin jiragen da ke ƙetare Sahara daga Turai suna nufin kudancin Afirka, sai sun ya da zango a Kano, kamar yadda ayarin raƙuma suka saba yi ƙarnuka da dama kafin nan. A yaƙin duniya na biyu ma, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta nan suke bi zuwa Khartum da Alƙahira. Da aka ƙera jirage masu cin dogon zango, sai buƙatar tsayawar ta kau, kamfanonin Turai suka janye ɗaya bayan ɗaya, har kamfanin KLM na ƙasar Holland, wanda ya fi kowa jimawa, ya daina zuwa a 2012.

Yau aikin Hajji da Umara ne ƙashin bayan filin, sai kuma zirga-zirgar 'yan kasuwa irinka, waɗanda ke bi ta Alƙahira ko Adis Ababa zuwa Dubai da Sin. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya, wato FAAN, ce ke kula da shi, kuma an gina masa sabon ɓangaren tafiye-tafiyen ƙasashen waje da bashin da aka ciyo daga Sin.

A ganina, gini kaɗai ba zai dawo masa da martabarsa ba. Birnin da yake da kasuwar Kantin Kwari da ta Dawanau, wanda fatu da riɗi da zoɓo ke fita daga cikinsa, bai kamata kayansa su riƙa bi ta Legas ba, alhali 'yan kasuwar Nijar da Chadi a nan suke hada-hada. Abin da ya fi buƙata shi ne ingantaccen sashen dakon kaya, da kayan aikin da za su taimaka wa matuƙa sauka lafiya a lokacin hazon hunturu.