Me ya sa na'urar RTK ke maƙalewa a Float ta ƙi komawa Fix?

Malam, wannan zaman da ka ce na'urar awon filinka tana yi a Float ba lallai lalacewa ba ce, lissafi ne bai kammala ba. Ita na'urar RTK, wadda ke awo da GPS tana karɓar gyara nan take daga wata na'ura da aka kafa a wuri ɗaya (ita ake kira bes), tana auna igiyar siginar da tauraron ɗan adam ke turowa, a L1, ɗaya daga cikin siginonin GPS, zango ɗaya na igiyar kusan santimita 19 ne, to guntun zangon ƙarshe kawai take iya gani, amma cikakkun zango nawa ne tsakaninta da tauraron da ke nisan kilomita dubu 20 da wani abu, wannan sai ta lalubo. Kamar agogo ne mai hannun minti kaɗai, ka san minti amma ƙarfe nawa?

Float yana nufin ta ƙiyasta adadin amma da ɗigo a ciki, Fix kuma ta tsayar da shi a cikakkiyar lamba, a nan ne awo ke saukowa santimita 1 ko 2. Yawanci da hanyar lissafi mai suna LAMBDA ta Peter Teunissen na jami'ar Delft ake wannan laluben, tun 1993, kuma ba za ta yarda ba sai amsar da ta zo ta ɗaya ta yi wa ta biyu fintinkau.

Abin da ke ɓata shi galibi bishiya ce ko rufin kwano, sigina ta katse ƙidaya ta koma farko. Ka fita fili, ka matso da bes kusa, in ya wuce kilomita 20 wahala ce, sannan ka kunna L2, wata siginar GPS ɗin, da Galileo, taurarin ɗan adam na Turai, haɗa L1 da L2 yana ba da zango mai santimita 86 wanda ya fi sauƙin kamawa nesa ba kusa ba.