Ko laftof ɗinka za ta ɗauki Windows 11?

Malam, ka tambaya ko tsohuwar laftof ɗinka za ta ɗauki Windows 11. Kafin ka ƙona data, shiga Settings, sai System, sai About, ka duba layin System type. Karanta shi har ƙarshe, domin can ne ake faɗin irin furosesar. Sau da yawa Windows ɗin ce 32-bit, furosesar kuwa x64 ce, wato 64-bit. In x86 ka gani, wato furosesa 32-bit, sai haƙuri, Windows 11 ba ta da nau'in 32-bit.

Ko x64 ɗin ma tana buƙatar TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro na kwamfuta) da RAM 4GB, a Intel kuma galibi daga ƙarni na 8. In irin i5-7200U ce, ta ƙarni na 7, ni dai Linux Mint zan sa mata, wata manhaja a madadin Windows.