Amsa ga ƙanenmu na Aboabo: ajiye kuɗin BLTouch, ka duba shimfiɗar farko

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta kukanka. Ka sayi injin buga 3D, Ender 3, na hannu, kana buga filamen (zaren roba) na PLA, aiki ya fara kamar gaske, bayan minti ashirin sai ya ɓalle daga farantin da ake bugawa a kai, ka dawo ka tarar da taliya a kan teburi. Ka shafa gam har ya yi kauri, yanzu kana tambaya ko BLTouch, na'urar awon faranti, zai raba ka da wannan ciwon kai.

Ajiye kuɗinka tukuna. Shekara huɗu ke nan ina fama da irin wannan inji a shagona a Asawase, kuma yawancin lokutan da aiki ya ƙi zama, ko dai tazarar bakin da roba ke fitowa (nozil) da faranti ce ba daidai ba, ko kuwa farantin yana da maiƙo. BLTouch yana auna tudu da kwarin faranti ne, amma tazarar, kai za ka saita masa da hannunka. Wanda bai iya karanta shimfiɗar farko, wato layukan da inji ke fara zubawa a kan faranti, da ido ba, ko ya saya, kukan bai ƙare ba.

Fara da zafi. Kada ka taɓa daidaita faranti yana sanyi, domin alminiyan yana motsawa idan ya ɗumama. Kai shi digiri 60, ka ba shi minti goma, ka goge bakin nozil kada busasshiyar roba ta ruɗe ka. Sai ka sa takardar A4, kaurinta wajen milimita 0.1 ne, ka bi kusurwa huɗu kana juya ƙafafun daidaitawa da ke ƙasan faranti har ka ji takardar tana ɗan gogawa amma tana wucewa. Zagaye ɗaya ba ya isa, kana gyara wannan kusurwa waccan tana sauyawa. Yi uku. Kuma ka sassauta hannu: cikakken juyi ɗaya na ƙafar nan milimita 0.7 ne, wato rubu'in juyi ya kusa cinye kaurin shimfiɗa guda.

Takarda kusa kawai take kai ka. Ainihin awon shi ne ka buga murabba'i mai shimfiɗa ɗaya, kauri 0.2, ka sunkuya da tocilan kana kallo. In ka ga layukan sun fito a mulmule kamar zare, da 'yar kafa tsakaninsu, farce kuma yana ɗaga su ba wahala, baki ya yi nisa. Ina zargin nan matsalarka take. In kuwa robar ta yi siriri har kana hango faranti, saman ya yi kunya-kunya kamar gonar doya, motar da ke tura filamen tana ƙas-ƙas, to ka danne da yawa. Abin da ake nema shi ne layuka su ɗan baje, su haɗe da juna, ka ɓare abin ya fito kamar leda guda, ka ja shi bai tsage bisa layi ba. Gyara kaɗan-kaɗan yana cikin bugawa, 0.02 zuwa 0.05 a kowane taku idan injinka yana da wurin matsar da Z, wato hawa da saukar baki, a allo.

Maganar maiƙo kuwa, da kuɗina na koye ta. Wata shekara cikin hunturu na karɓi aikin maƙalan makulli na bikin aure, guda tamanin, kwana biyu ya rage. Injin da jiya lafiya lau, yau kowane bugu sai ya tashi a wuri ɗaya, gefen hagu na gaba. Na daidaita, na sake, na canza nozil, dare ya raba ina zaune. Da asuba na haska fitila a karkace, sai ga tambarin babban yatsa yana ƙyalli. Yaron shagona ne, ya shafa man kaɗanya saboda kaushi, kuma nan yake dafawa idan zai ciro aiki. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke suka gama maganar cikin minti biyar. Tun ranar, gefe ake riƙe faranti a shagona, kuma wanda ya ci ƙosai sai ya wanke hannu. Sifirit yana da amfani tsakanin bugu da bugu, amma maiƙo mai yawa baza shi kawai yake yi. Wancan gam da ka tara, wanke shi tas. In za ka sa, shafa ɗaya siririya ta isa.

Lambobina na PLA: baki 205 zuwa 210, faranti 60, gudun shimfiɗar farko milimita 20 a daƙiƙa, fankar sanyaya aiki a kashe har shimfiɗa ta biyu ko ta uku. Abu mai ƙaramin gindi ko kusurwa masu kaifi, ina kunna abin da manhajar Cura ke kira Brim, wato siririn gefe da ake bugawa kewaye da gindin aiki, faɗin milimita 5.

Sai fankar silin. Zafin Kumasi ba ya barin mutum ya zauna babu ita, amma iskarta tana sanyaya saman aiki ya tsuke, kusurwa ta ɗaga. Kwali na tsaya da shi ta ɓangaren iska, ban rufe injin gaba ɗaya ba, PLA ba ya son ɗaki mai zafi. Da damina kuma filamen yana shan laima. Idan kana jin tas-tas a baki, layi yana fitowa da ƙuraje, busar da shi a digiri 45 na awa huɗu zuwa shida, ka riƙa ajiye shi a bokiti mai murfi. In dumso, wato ɗaukewar wuta, ta same ka a tsakiyar aiki har faranti ya huce, kada ka sa rai da ci gaba daga inda ya tsaya, galibi aikin ya riga ya saki.

Tunda na hannu ka saya, kama farantin ka girgiza. In yana lilo, akwai noti mai karkataccen rami a jikin tayoyin ƙasa, juya shi da sifana har lilon ya ɓace. In ka ɗora ƙarfen awo ka ga tsakiya ta lotsa, je wurin masu yanka gilashi su yanka maka madubi milimita 235 da 235, su goge bakinsa, ka kama shi da kilif. Amma ranar da ka koma filamen na PETG, kada ka buga shi kan gilashi tsirara. Yana kamawa har ya ɓantaro gilashin, nawa na farko haka ya tafi. A nan ne gam yake da aiki, shi ke shiga tsakani.

Buga murabba'in nan yau, ka ɗauki hotonsa gaba da baya a cikin haske ka turo. In ya ƙi, ɗauko farantin da filamen ɗin ka zo bayan la'asar, daga Aboabo ba nisa.