Tambaya da Amsa: Me ya sa tsuntsayen Kakum suka fito min baƙi ƙirin?

Tambaya: Salamu alaikum Kawu. Ni mai hoto ne a Aboabo nan Kumasi, hoton biki da suna nake ɗauka shekara 4 kenan. Watan jiya ƙungiyarmu ta je yawon buɗe ido gandun dajin Kakum, na tafi da kyamarata mai zum 70 zuwa 300, na ɗauki hoton tsuntsaye sama da 200 amma wallahi duk sun fito baƙi ƙirin kamar inuwa, wasu kuma ganye ne ya fito tar tsuntsun ya dishe. Wani abokina yace sai na sayi babban lens. In tara kuɗi in saya ne ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka sayi komai tukuna, ajiye sidinka. Abin da ke hannunka ya isa ka fara, matsalar wuri ce da lokaci, kuma na san da ƙarfe nawa kuka shiga Kakum ɗin ko baka faɗa ba, don duk motar ƙungiya da ta taso daga Kumasi ta bi Asin Fosu sai rana ta take sannan ta isa, ga ɗalibai ga ihu ga masu ɗaukar selfi, kowa na girgiza gadar. Gadar nan ta igiya da aka buɗe a 1995, guda 7 ce a haɗe, tsawonta wajen mita 350, kana sama da ƙasa fiye da mita 30, mutum ɗaya ya taka daga can ƙarshe kai ma sai ka ji a ƙafarka, toh ta yaya hoto zai tsaya? Masu neman tsuntsu na gaske a kusa suke kwana, su shirya da ma'aikatan gandun tun jiya a buɗe musu da sassafe kafin jama'a, kuma basa ɗauka daga kan igiyar, sai sun kai dandamalin katakon da ke jikin manyan bishiyoyi su tsaya cik.

Baƙin da ka gani kuwa kyamara ce ta yi lissafi da hasken sama. Tsuntsu yana kan reshe, bayansa farin sama, sai ta rage haske don kar saman ya ƙone, tsuntsun ya koma gawayi. Kai mai hoton biki ne ka san wannan, kamar ka tsayar da amarya a bakin taga rana na bayanta. Ka ƙara hasken da hannunka, +1 ko +2, ko ka matsa har sai bayan tsuntsun ya zama ganye. Shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, kar ta yi ƙasa da 1/500 na sakan in yana zaune, in zai tashi 1/1000 ko sama, ISO kuma, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ka bar shi ya hau ko da 3200 ne don cikin kurmi akwai duhu ko da tsakar rana, hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi amma wanda ya girgiza ya tafi kenan. Ganyen da ya fito tar shi ma kai ka bar mata zaɓi, ka mayar da fokos ɗigo ɗaya tak ka ɗora shi kan idon tsuntsun.

Amma shawarata ta gaskiya, ka bar Kakum zuwa gaba, ka fara da Mole. Kurmi makarantar manya ce, zaka ji kukan tsuntsu ta ko'ina amma baka ganinsa. Mole fili ne irin dajin arewa, shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, ya haura murabba'in kilomita 4,500, tsuntsaye iri fiye da 300, kuma hanyar ka santa, Techiman, Kintampo, Buipe, ka karya a Fufulso zuwa Damongo sai Larabanga inda tsohon masallacin nan yake. Ka je tsakanin Janairu da Maris, ciyawa ta bushe, ruwa ya janye sai tafkunan da ke ƙasan tudun masauki, duk mai rai sai ya zo sha, daga giwa har zabin daji. Ba'a shiga da ƙafa sai da ma'aikaci mai bindiga, toh ka gaya masa tun farko kai tsuntsu ka zo nema, in ba haka ba wajen giwa zai ja ka don ita kowa ke tambaya.

A can ne na gane sana'ar nan. Akwai wani ɗan tsuntsu kore mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma, suna haƙa ramukan sheƙarsu a jikin gaɓar rafi. Wata safiya na zauna a gindin bishiya kusan minti 40 ban motsa ba, sai na lura ɗaya daga cikinsu yana da reshensa, busasshen reshe ɗaya, ya tashi fir ya cafko ƙudan a iska ya dawo daidai inda ya bari, ya buga shi a jikin reshen ƙwas ƙwas, ya goga gindin ƙudan har ƙarin ya fita sannan ya haɗiye. Ya yi haka ya fi sau 10. Sai kawai na saita kyamara a kan reshen na daina binsa a sama, na jira shi, shi ya kawo kansa cikin hoton, har gashin jan maƙogwaron ana ƙirgawa. Da lens irin naka na ɗauka.

Kakanninmu maharba sun riga mu sanin wannan. Ka tuna yadda suke ɗaura kan burtu a goshi su durƙusa suna tafiya a hankali suna gyaɗa kai har su isa kusa da dabba? Burtun ma yana nan Mole, baƙi ƙato yana takawa cikin ciyawa shi da iyalinsa, in Allah ya haɗa ku kar ka nufe shi kai tsaye, ka duba inda ya dosa ka riga shi can ka durƙusa, rana a bayanka. Kuma don Allah ka bar farar jallabiya a gida, ka sa kaya masu launin ƙasa.

Ƙurar hunturu muguwa ce ga kyamara, kar ka canza lens a fili, ka rufe ta da ɗan ƙyalle in kuna cikin mota. A Kakum kuma raɓa ce, ka fito daga ɗaki mai AC gilashin ya yi gumi, sai ka bar ta cikin jaka sanyin ya ɗan sake ta tukuna. Batir biyu, memori biyu. Kafin ka tara kuɗin motar Mole ma ka je Owabi ko dajin Bobiri wajen Kubease kan hanyar Akra, da asuba ka fita kafin azahar ka dawo gida, hannunka ya saba.

Tambaya: Kawu ina wuni. Daga Asawase nake, ni da mijina muna son zuwa Kakum. Ance in na sa kukan tsuntsu a waya zasu zo kusa in ɗauka, gaskiya ne? Kuma zan ga aku?

Amsa: Lafiya lau ƙanwata. Gaskiya ne suna zuwa amma ni bana so ki yi. Namijin yana jin kukan ne ya ɗauka wani ya shigo masa gida, sai ya bar ci ya bar ciyar da ƴaƴa ya zo faɗa da abin da babu, in kowane baƙo ya yi masa haka a rana ki duba wahalar. Haka fulas, haka taɓa sheƙa ko karya reshe don hoto ya fito. Waya kuma tana ɗauka in kin ɗora idonta a bakin madubin hangen nesa kin jingina hannu da wani abu.

Aku kam ki yi addu'a. Akwai shi a Kakum amma ya yi ƙaranci sosai, binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akun Ghana sun ƙare tun daga 1992, saboda kamawa ana sayarwa da kuma sare manyan bishiyoyin da suke sheƙa a kogonsu, a 2016 ɗin ne ma aka amince a hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Abin yana min ciwo, don muna yara a zango gidaje da yawa akwai shi a keji yana amsa sallama, bamu taɓa tambayar daga ina aka kamo shi ba. Ki kasa kunne da sassafe ko dab da magariba, fito yake yi da ƙara yana wucewa can sama da bishiyoyi da sauri, in kin hango jan wutsiyar ki ɗaga waya ki danna ko da daga nesa ne, ki turo min in gani.