Saita kwanar furofela kafin a yi wa aksil walda

Tambaya: Ina haɗa mota a garejinmu a Gusau, a kan firam ɗin tsohuwar Hilux. Na sauya aksil na baya da sifirin. Abokin aikina ya ce in ɗaga bakin aksil, wato inda furofela ke haɗuwa da shi, ya kalli giyabos sak, sannan in yi walda. Haka ake yi?

Amsa: Malam, dakata da waldar nan tukuna. Shawararsa tana aiki ne idan furofelarka, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksil, mai tagwayen kuros ce a gaba (kuros shi ne mahaɗin da ke ba ta damar juyawa a karkace). Mai kuros ɗaya a gaba, ɗaya a baya, lissafinta daban ne.

Kuros in yana aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya. A kowane zagaye yakan yi sauri sau biyu, ya lafa sau biyu. Na baya shi ke goge wannan tangarɗa, amma sai in karkacewarsu ta zo ɗaya. Saboda haka abin da ake nema shi ne layin giyabos da layin bakin aksil su tafi tare kamar layin dogo, ba su haɗu ba.

Ga misali. Wutsiyar giyabos ta sunkuya digiri 3, furofela ta gangara digiri 5: kwanar gaba 2 ke nan. Ka ɗaga bakin aksil digiri 3, ta baya ma ta zama 2. Tsakanin 1 da 3 ake so, kuma bambancin su biyun kada ya wuce digiri 1. Kada ka mai da kwanar kanta sifili, domin ƙananan alluran da ke cikin kuros suna buƙatar motsi su sha giris, in ba haka ba su ci wuri ɗaya.

Inda na fi ganin ana kuskure shi ne wurin awo. Sai a ɗora mota a kan jak, tayoyi na reto, a auna, a yi walda. Da an sauke ta komai ya canza. Ka auna tana zaune a kan tayoyinta, a daɓe mai lebur, da inji da mai da komai. In ka san za ta riƙa ɗaukar buhuna, ɗora mata wasu ka sake dubawa. Ma'aunin kwana na cikin wayarka ma ya isa, muddin ka ɗora shi a ƙarfen da aka goge.

Sifirin mai falle-falle yana da hali: da ka taka totur, bakin aksil ya ɗaga sama. Don haka ka rage digiri 1 ko 2 daga ɗagawar bakin aksil, domin in ya ɗaga ya dawo kan lissafin.

Ka ɗan ɗiga walda a mazaunin sifirin, ka ɗaure, ka sake aunawa, sannan ka ƙarasa. Ka duba kuma kunnuwan furofela masu riƙe kuros, na gaba da na baya, suna kan layi ɗaya. In ka gwada ta a hanyar Talata Mafara ka ji kujera na karkarwa yayin da gudu ke ƙaruwa, sa weji na ƙarfe tsakanin sifirin da aksil ka gyara kwanar tun kuros bai mutu ba.