Tsutsa Mai Ƙaho a Gonar Dankali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman dankali a fadamar Kwalkwalawa. Bana na tarar da wasu manyan tsutsotsi, kauri kamar yatsa, wasu koraye wasu ruwan ƙasa, kowace da ƙaho a wutsiya, suna cinye min ganye. Yara sun ƙi shiga gonar, wai ƙahon yana harbi kamar kunama. Gaskiya ne? Wane magani zan fesa?
Daga wani manomi, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam manomi. Ka kwantar wa yara da hankali. Ƙahon nan ba ƙari ba ne, tsoka ce kawai mai laushi, babu dafi a cikinta. Na sha ɗaukar tsutsar a tafin hannuna, iyakarta ta murɗa jiki.

Abin da ka gani 'yar wani babban faɗa-wuta ce wanda masana ke kira Agrius convolvuli, sunan jinsin da ya samo asali daga wani masanin halittu mai suna Linnaeus tun 1758. Kuma na tabbata ka san uwar, ko da ba ka haɗa su ba. Ita ce wadda ke zuwa da almuru ta tsaya cak a iska gaban fure tana kaɗa fiffike da gurnani, har mutum ya ɗauka ƙaramin tsuntsu ne. Launinta toka-toka, cikinta da zane-zanen ja-ja da baƙi, faɗin fikafikanta santimita 8 zuwa 12. Ina yaro, a bayan ɗakin kakata akwai 'yan tsiran taba da take tsinkar furensu don haƙora, nan na fara ganinta ta warware bakin nan nata mai kama da zare, wanda ya fi jikinta tsawo, ta zura cikin fure. Har yau in na gan ta sai na tsaya. Wannan halitta fa tana ƙetare Sahara har Turai!

Uwar ruwan fure kaɗai take sha, musamman fure mai dogon wuya irin na taba da zaƙami, kuma tana yi musu barbara. 'Ya'yan ne masu cin ganye, su ma dangin dankali suka fi so: dankalinka, da duman kada da ke malala a bakin gulbin Rima, da yaryaɗi. In waɗannan sun kewaye gonarka, ka rage su.

Batun feshi kuwa, ban ba ka shawara ba, sai in sun yi yawan da kunya ta fara zama karan banza. Dankali yana jure rashin ɗan ganye, ya sake toho. Ga shi kuma ana cin ganyen, ana ba dabbobi, ruwan fadamar kuma kowa na amfani da shi. Ka fita da sassafe da bokiti, ka duba ƙasan kunya inda baƙin kashinsu ya zuba, tsutsar tana sama a bayan ganye. Ka tsince ka kai wa kaji.

In ta ƙoshi, bayan 'yan makonni, sauka take yi ta nutse cikin ƙasa ta zama wani ƙunshi ja-ja mai 'yar mariƙa kamar ta buta. Don haka bayan ka haƙe dankali, ka kifar da ƙasar da kyau, rana da balbela su gama da saura kafin shuka ta gaba.