Burina in zama lauyar talakawa, wace makaranta zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Jami'o'i biyu sun ba ni gurbin karatun lauya. Burina in yi aikin kare haƙƙin ɗan Adam, musamman waɗanda ake tsarewa ba shari'a da ma'aikatan da ake danne wa haƙƙi. Ta farko ta yi suna, amma sai na ci bashi mai nauyi. Ta biyu ba ta kai ta suna ba, amma ta ba ni tallafin karatu. Kowacce ta rubuta "haƙƙin ɗan Adam" a takardunta na talla. Yaya zan gane ta gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya cika miki wannan buri. Ki fara ajiye takardun tallan nan a gefe. Yau da wuya ki sami tsangayar koyon lauya da ba ta rubuta wannan kalma ba, kuma zaɓen makaranta da ita kaɗai cinikin biri ne a sama.

Abin da za ki bincika da farko shi ne kilinik ɗin makarantar, wato ofishin taimakon shari'a kyauta inda ɗalibai ke riƙe ƙararrakin mutane na gaske a ƙarƙashin kulawar lauya mai lasisi. Kada ki tsaya a "kuna da shi?", domin za a ce miki e. Ki tambayi ɗalibai nawa yake ɗauka a shekara, kuma nawa suka nema. Ki tambaya ko malamin da ke kula da shi yana shiga kotu har yanzu, ko kuwa rabonsa da tsayawa gaban alƙali an yi shekara goma. Aikin yana cikin makin jarrabawa, ko sai ranar da ɗalibi ya ga dama? Wace ƙara suka gama bara? Idan aka fara kame-kame a wannan tambaya ta ƙarshe, kin sami amsarki.

Ga dalilin da na matsa a kan wannan. Na taɓa raka wata ɗalibata gidan yari. Aka fito mana da wani mutum da ya shekara uku yana jiran shari'a, kan laifin da ko an same shi da shi hukuncinsa bai kai shekara ɗaya ba. Ta zo ƙwaƙwalwarta cike da sassan yarjejeniyoyin duniya, ta haddace su tsaf. Amma abin da mutumin yake buƙata daban ne: a gano kotun da ta tura shi, a nemo fayil ɗinsa da ya yi ɓatan dabo, a rubuta takardar rantsuwa da takardar neman beli ba tare da kuskuren da zai sa a ɗage sauraro ba. Sati biyu ta yi tana zarya ofishin rajistara. Ranar da aka kira ƙarar, hannunta na rawa ta miƙa mini takardun. Babu laccar da za ta koya mata abin da satin nan biyu suka koya mata.

Kuma kada ki raina abin da kilinik zai iya zama. Ƙungiyar Innocence Project, wadda ta yi suna wajen kuɓutar da waɗanda aka ɗaure bisa kuskure ta hanyar gwajin ƙwayar halitta, a matsayin kilinik ta fara a 1992 a makarantar lauyoyi ta Cardozo da ke New York, a hannun Barry Scheck da Peter Neufeld.

Abu na biyu ɗalibai irinki ba sa son jinsa. Ki duba ƙarfin makarantar a darussan da ake gani kamar ba su da armashi: dokar shaida, ƙa'idojin gudanar da shari'a, dokar tsarin mulki, dokar filaye, dokar ƙwadago. Da su ake cin shari'ar talaka. Wanda aka rushe wa gida, takardar mallaka da wa'adin shigar da ƙara ne za su cece shi. Ko manyan wuraren kai kuka, irin Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul da kotun Turai da ke Strasbourg, ƙa'idarsu ita ce sai an bi hanyoyin shari'a na cikin gida sun ƙare kafin su saurare ki. (Kotun ECOWAS da ke Abuja ba ta gindaya wannan sharaɗi ba, shi ya sa lauyoyi da yawa ke garzayawa can.) Saboda haka ki yi digirin farko a inda zai ba ki damar samun lasisi a ƙasar da kike son yin aiki. Shahararrun cibiyoyin nazarin haƙƙin ɗan Adam, kamar ta Jami'ar Pretoria a Afirka ta Kudu da aka kafa a 1986 ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata, ko ta Jami'ar Essex a Ingila, ko makarantar Geneva da ke maƙwabtaka da ofisoshin Majalisar Ɗinkin Duniya, an fi saninsu da digiri na biyu. Suna nan, ba za su gudu ba, kuma za ki fi cin moriyarsu bayan kin yi shekara biyu ko uku kina fama da kotu.

Sai maganar bashi, wadda ita ce ke kashe wannan buri a ɓoye. Aikin kare talaka ba ya kawo kuɗi irin na lauyoyin kamfanoni. Na ga ɗalibai masu zuciya irin taki da suka ce za su shiga babban kamfani shekara biyu kacal su biya bashi su dawo, har yau shiru. Ba mugunta suka yi ba, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ki zauna da biro da takarda, ki nemo albashin sabon lauya a ƙungiyar taimakon shari'a, ki cire abin da za ki riƙa biya duk wata, ki ga ko saura zai riƙe ki. Idan a Amurka ne, akwai shirin gwamnatin tarayya da ke yafe ragowar bashi bayan biyan wata-wata sau 120, wato shekara goma ana aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, amma bashin gwamnatin tarayya kaɗai ya shafa, wanda yawanci baƙon ɗalibi ba ya samu. Wasu makarantun suna da nasu shirin taya tsofaffin ɗalibai biya. Ki nemi sharuɗɗan a rubuce. Haka ma tallafin da ta biyun ta ba ki: na dukkan shekarun ne, ko ana janye shi idan maki ya sauka?

Ba na cewa suna banza ne. Yana buɗe ƙofa, musamman a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa inda ɗaruruwa ke neman kujera ɗaya. Amma ki tuna Thurgood Marshall, shahararren lauya baƙar fata na Amurka. Makarantar lauyoyi ta Jami'ar Maryland, jiharsa, ba ta ɗaukar baƙar fata a lokacin, sai ya tafi Jami'ar Howard, inda Charles Hamilton Houston ke horar da ɗalibai da niyyar su rushe wariya ta hanyar kotu. Ya gama a 1933. A 1935 shi da malamin nasa suka sa kotu ta tilasta wa Maryland ɗin ɗaukar ɗalibi baƙar fata, a 1954 kuma ya ci shari'ar da ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Malami ɗaya da ya san inda ya dosa ne ya ɗora shi a hanya.

Da ni ne ke, ta biyun zan karkata, muddin kilinik ɗinta na aiki kuma tallafin tabbatacce ne. Kafin ki sa hannu, ki roƙi kowace makaranta ta haɗa ki da mutum biyu da suka gama shekara biyar da suka wuce kuma suke irin aikin da kike so. Ki kira su, ki tambaye su wa ya koya musu rubuta takardar beli ta farko, kuma nawa ya rage musu na bashi. Idan ta farkon ce kaɗai ta iya kawo miki irin waɗannan mutane, to ki koma mata ki nemi ragi, ki nuna musu takardar tallafin da ɗayar ta ba ki.